Hawan Jini: Yadda Na Karɓi Maganar Likita Na Koyi Zama Da Ita

Ciwon haƙori ne ya kai ni asibiti a ƙarshen shekarar 2022, ina da shekara arba'in da bakwai a duniya, kuma tun da nake ban taɓa kwanciya a gadon asibiti ba. Kafin a cire haƙorin, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini na'urar awon jini a damtse kamar yadda ake yi wa kowa, ta duba, ta ce in koma benci in ɗan huta. Da ta sake aunawa sai ta rubuta 172/106 a katina, likitan haƙori kuma ya ce ba zai taɓa ni a ranar ba, sai na fara ganin likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum. Na fita raina a ɓace, domin a ganina raɗaɗin haƙorin da rashin barcin da ya jawo mini su ne suka tayar da jinin, kuma da zarar an cire shi komai zai koma daidai.

Likitan da na gani bai musa mini ba. Ya ce lallai zafin ciwo da fargabar asibiti suna ɗaga awon mutum, shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a auna mutum a ranaku daban-daban, idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a kowane zuwa, to yana da hawan jini. Ya yi mini bayanin lambobin da yatsansa a kan katin: ta sama ita ce ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage a lokacin da ta saki kafin bugu na gaba, kuma mai lafiya yakan tsaya a wajen 120/80. Bayan haƙorin ya lafa na koma aka auna ni, ina cikin natsuwa, na yi barci na ƙoshi, ba abin da ke damuna, amma na'urar ba ta sauko ƙasa da 160/100 ba. A nan ya ajiye biro ya ce, "Malam, wannan ba haƙori ba ne."

Abin da ya fi ba ni wuya a makonnin farko shi ne ban ji komai a jikina ba. Ina tashi da asuba, ina tsayawa gaban allo tun daga safe har azahar, ina hawa babur ɗina in ratsa gari, ba ciwon kai, ba jiri, ba faɗuwar gaba. A tunanin da na tashi da shi, hawan jini cutar tsofaffi ce da masu teɓa da manyan 'yan kasuwa da kaya suka maƙale musu a tashar jirgin ruwa, ko kuma matar da aka yi wa kishiya ba shiri. Mutanen da na faɗa wa ma haka suka ɗauka. Abokan aikina suka dinga cewa in rage tunani, duniya ba ta da tabbas; mahaifiyata kuwa ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai da wa? Faɗa mini wanda ya ɓata maka rai." Na rantse mata ba kowa, amma ba ta yarda ba, har ta fara zargin iyalina a zuci. Wannan fahimta ta cewa damuwa kaɗai ke kawo hawan jini tana da ɗan gaskiya a cikinta, tun da ɓacin rai yana ɗaga awo na ɗan lokaci, amma illarta ita ce tana sa mutum ya zaci idan hankalinsa a kwance yake to ba ruwansa da magani. Mafi yawan masu cutar ba a iya nuna dalili ɗaya a ce shi ne. Gado ne da shekaru da gishiri da nauyin jiki da rashin motsi suke taruwa a hankali.

Tambayar da ta karya mini gardama ita ce wadda likita ya yi game da iyayena. Na ce masa mahaifina ya rasu bayan ya yi shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Ya faɗi ne a banɗaki da sassafe, kuma a gidanmu har yau akwai masu cewa iska ce ta buge shi, an kuma yi masa ruƙiyya da turare da rubutu iyakar iyawa. Likitan ya tambaye ni ko an taɓa auna jininsa kafin ya faɗi. Ban taɓa jin an auna ba. Sai ya ce shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma babban abin da ke jawo ta shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Ya kwatanta mini da tiyon ban ruwa da aka ɗaura a injin da ya fi ƙarfinsa: ba ya fashewa a ranar farko, amma kullum yana ƙara rauni, kuma mai gona ba ya sani sai ranar da ya tsage. Idanu da ƙoda da ita kanta zuciyar duk haka suke ci a ɓoye. Na koma gida ina tuna yadda ni da ƙannena muke juya Baba a kan tabarma muna yi masa wanka, da yadda yake kallonmu yana son magana ba hali, na kuma lissafa cewa tsakanina da shekarun da ya faɗi bai kai shekara goma sha biyar ba. Daga wannan daren ban ƙara cewa ƙila na'urar asibitin ce ta lalace ba.

Daga baya na karanta cewa ba ni kaɗai ba ne a wannan rashin sani. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna manya biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan kashi 46 cikin ɗari ba su san suna da shi ba. Rahoton da ta fitar a 2023 ya ce cikin kowane mutum biyar masu cutar, huɗu ba sa samun kulawar da ta isa. Da ba don ciwon haƙori ba, da ina cikinsu har yanzu.

An tura ni gwaje-gwaje: na fitsari, na aikin ƙoda, na sukari, na kitsen jini, da hoton bugun zuciya wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji. Alhamdu lillahi ƙodar lafiya lau, sukari daidai, kitsen ne ya ɗan haura. Aka fara ni da ƙwayar Amlodipine mai miligiram 5 sau ɗaya a rana. Da aka ga awon bai sauko yadda ake so ba sai aka ninka zuwa 10, a nan ne kuma idon sawuna ya fara kumbura da yamma, har takalmin da nake sawa zuwa makaranta ya dinga matse ni. Na tsorata ƙwarai, domin na san kumburin ƙafa alama ce ta ciwon ƙoda ko na zuciya, amma da na koma likitan ya danna wurin da yatsa, ya duba sakamakon gwajina, ya ce sanannen halin wannan maganin ne. Ya mayar da ni kan 5, ya haɗa mini da wata ƙwaya mai sa fitsari, Hydrochlorothiazide, ya kuma ce ƙananan magunguna biyu da suke aiki ta hanyoyi daban sukan fi babban guda ɗaya amfani da sauƙin illa. Ya ambata mini wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, inda aka gano cewa ga baƙar fata haɗin da ke da Amlodipine a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin da babu shi. Na ji daɗin sanin cewa a jikin irinmu aka gwada abin da nake haɗiya, ba a Turai kawai ba.

Akwai maganar da kusan duk wanda ya ji na fara shan magani sai ya faɗa mini: "Ai da ba ka fara ba, in ka fara ba ka dainawa." Ana faɗinta kamar ƙwayar ce ke kama mutum ta mayar da shi bawa. Gaskiyar ita ce cutar ce ba ta tafiya, maganin kuwa riƙe ta yake yi na kwana ɗaya, gobe sai an sake. Wanda ya ga awonsa ya dawo 130/80 ya ce ya warke ya ajiye magani, cikin ɗan lokaci jinin zai koma inda yake, shi kuma ba zai ji komai ba. Na ga haka a kan wani abokin aikinmu da ya girme ni, wanda ba ya shan nasa sai ranar da ya ji ƙeyarsa ta yi nauyi. Yau yana zuwa wankin ƙoda, kuma gidan da ya gina da kuɗin shekara ashirin an sayar. Ba zan iya rantsewa cewa sakacin magani ne kaɗai ya kai shi nan ba, amma likitocinsa sun faɗa masa yana da hannu. Wasu kuma suka ce mini maganin yana rage ƙarfin namiji, wanda a ganina shi ne ainihin dalilin da ya sa maza da yawa suke gudunsa ba tare da sun furta ba. Na tambayi likita kai tsaye, ya ce wasu nau'o'in kan yi hakan ga wasu mutane kuma ana iya canzawa idan an faɗa, amma shi kansa hawan jinin da ba a kula da shi ba yana lalata jijiyoyin da wannan lamari ya dogara a kansu.

Yaƙin da ya fi tsawo a madafa aka yi shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin burodi da sauran abincin da aka saya. Da muka zauna da uwargida muka ƙirga abin da ke shiga tukunya ɗaya ta miya, gishiri daban, dunƙule huɗu ko biyar, farin magi, ga yajin da nake barbaɗawa a kan shinkafa da wake wanda shi ma gishiri da dunƙule ne rabinsa, sai muka ga na ninka ƙa'idar tun kafin in tsaya wurin mai tsire da daddare. Da farko ta ce za ta dinga yi mini tukunyata daban. Na ƙi, saboda na san wahalar ba za ta ɗore ba, kuma yaran da muke ciyarwa jikokin Baba ne su ma. Muka yi yarjejeniya a rage a hankali, ba a dare ɗaya ba: dunƙule ya koma biyu sannan ɗaya, aka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi, aka daina kawo gishiri kan tabarma. Yara sun yi ƙorafi, babban ɗana har cewa ya yi miyar gidanmu ta zama ta asibiti. Amma harshe yana sabawa. Bayan 'yan watanni da muka je walimar biki, ita da kanta ta raɗa mini cewa, "Malam, wannan miyar ai gishiri ce zalla," alhali irin wadda take yi ce a da.

Kanwa ce ban taɓa kawo ta cikin lissafi ba, sai da mai ba da shawara kan abinci a asibitin ta tambaye ni. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a ɗanwake, a miyar kuka da kuɓewa don yauƙi, ga kunun kanwa da nake sha da azumi. Ashe sinadarin sodiyam da ke sa gishiri ya tayar da jini yana nan jibge a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Yanzu uwargida tana jiƙa wake tun dare maimakon ta jefa masa kanwa, ɗanwake kuma ya koma abin marmari. Goro na rage ƙwarai, lemon kwalba mai sa kuzari da nake sha lokacin duba takardun jarrabawa na bar shi ɗungurungum. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda aka ce mini suna ɗaga jini, suna rage aikin maganinsa, suna kuma wahalar da ƙoda. Su na dinga sha a lokacin ciwon haƙorin nan.

Masu ba da shawarar maganin gargajiya ba su ƙare ba har yau: zoɓo, zogale, tafarnuwa a haɗiye da safe, habbatus sauda da zuma, da gorunan da ake tallarsu a bayan mota da lasifika ana cewa suna kashe hawan jini har abada tare da basir da taifot. Ban raina abin da muka gada ba, kuma likitan da kansa ya ce an yi bincike a kan zoɓo an ga yana ɗan sauke awo, in sha abina matuƙar ba a cika shi da sukari ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ajiye ƙwaya saboda shi, kuma kada in sha haɗin da ban san abin da ke ciki ba, domin ƙodar da muke ƙoƙarin karewa ita ce za ta tace shi. Ra'ayina a nan ba shi da wuya: duk wanda ya ce maganinsa ya warkar da hawan jini, a kawo na'ura a auna mai shan na tsawon watanni, sai mu gani.

Na'urar na saya tawa, irin wadda ake ɗaurawa a damtse ba ta wuyan hannu ba, na kai ta asibiti aka gwada ta da tasu. Aka koya mini yadda ake yi: in zauna a kujera in jingina bayana na minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana, ba shayi ko goro rabin sa'a kafin nan, kuma in fara yin fitsari. Sai in auna sau biyu da tazarar minti ɗaya in rubuta a littafi. A gida ma'aunin ya ɗan fi tsauri, 135/85 ake nema a kasance ƙasa da shi, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Na'urar tana da nata sharrin, domin a farko takan ja mutum ya dinga aunawa duk bayan sa'a guda, kowace lamba ta tayar masa da hankali, hankalin kuma ya ƙara ɗaga lambar. Likita ya ce abin da yake so ya gani shi ne yadda mako ya kasance gaba ɗaya, ba abin da ya faru bayan na yi faɗa da ɗalibai ba.

Azumin 2023 ya faɗo cikin tsananin zafin Maris da Afrilu, ni kuma ina shan ƙwaya mai sa fitsari da safe. Na je tun kafin a ga wata na tambaya. Aka mayar mini da shan maganin zuwa bayan buɗa-baki, aka ce in sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, kuma idan na ji jiri mai ƙarfi ko na ga awon ya faɗi ƙasa sosai in karya azumin in zo. Na kai azumina lafiya, kuma a watan ne na ga mafi kyawun lambobi a littafina, sai dai soye-soyen buɗa-baki da naman Sallah sukan so su rama abin da aka samu. Tafiyar ƙafa kuwa na ɗora ta a kan sallar asuba: maimakon in koma in kwanta, sai in zagaya unguwa da sauri na rabin sa'a, kwana biyar a mako, wanda ya cika minti 150 ɗin da ake so. Maƙwabta sun yi ta tambaya ko babur ɗin ne ya lalace.

Kuɗi ma sai an yi maganarsu. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma na ga mutane a layin kantin magani suna sayen na kwana goma maimakon na wata, wasu suna raba ƙwaya biyu. Abin da ya taimake ni shi ne sanin ainihin sunan maganin maimakon sunan kamfani, domin Amlodipine ɗaya ce ko wane kamfani ya yi ta, farashin ne ya bambanta nesa ba kusa ba. Ina saye a kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magunguna, ina duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa, kuma ranar da albashi ya shigo nake sayen na wata, kafin buhun shinkafa da kuɗin makaranta su cinye shi.

Na zaunar da uwargida da babban ɗana na faɗa musu alamomin da ba a jira da su: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, harɗewar harshe, ciwon ƙirji mai tsanani, ɗaukewar gani, ko awo ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani. Na ce idan suka ga ɗaya daga ciki a tare da ni, a nemi mota a tafi asibiti nan take, addu'a a yi ta a hanya. Yanzu awona yana yawo tsakanin 125 da 135 a sama, 80 zuwa 85 a ƙasa, ina ganin likita duk bayan wata uku, ana gwada ƙodata sau ɗaya a shekara.

Ranar Juma'a nakan tafi gidanmu da na'urar a jaka. Da ita aka gano yayata tana da shi, kuma ta fara shan magani ba gardama, ita ma Hajiya an ɗora ta a kan nata, ta kuma daina neman wanda ya ɓata mini rai. Ƙanena mai bi mini ne ya gagara. Duk lokacin da na auna shi sai na ga sama da 150/95, shi kuma sai ya zare hannunsa ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau, buhu nake ɗauka a kasuwa." Na rubuta masa lambobin a takarda na ba matarsa, na kuma karɓi alƙawarinsa cewa zai bi ni asibiti a zuwana na gaba.